WA KE TSARON GARI?

Karatu: Zabura 127:1-2, Irmiya 29:4-7

Yau ina so in ba ku labarin wata tafiya da muka yi a hutun Ista na shekarar 2019, da abin da Ubangiji ya koya mini a cikinta.

Ran Litinin ta wannan mako, 15 ga Afrilu, muka ji a rediyo cewa gobara ta kama babbar majami'ar Notre Dame ta birnin Faris a ƙasar Faransa. Tun 1163 aka soma gininta, amma cikin dare ɗaya rufinta ya ƙone. Matasan ikkilisiyarmu suka yi ta zancen. Wani ya ce, "Baba Fasto, Turawa in sun sami hutu sukan shiga mota su zaga tsofaffin garuruwa da majami'u. Mu me za mu je mu gani?" Na ce masa, "Ɗana, ka taɓa zuwa Wurno?" Ya ce bai taɓa ba, alhali a Sakkwato aka haife shi. To, dama 'yan'uwa da ke Goronyo sun gayyace ni wa'azin Ista. Sai muka shirya mu biyar: ni da uwargida, da matasa biyu, da dattijon ikkilisiya mai motar.

Ran Asabar da sassafe muka bar Sakkwato, muka fara da Rabah, a bakin gulbin Sakkwato. A nan aka haifi Sir Ahmadu Bello. Ya zama hakimin Rabah a 1934, aka naɗa shi Sardauna a 1938, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Duk Arewa ba wanda ya kai shi iko a zamaninsa, amma a daren 15 ga Janairu 1966 aka kashe shi a gidansa a Kaduna. Muka tsaya a inuwa muna kallon jakuna da 'yan tallan fura, ina ta tunani: mutumin da ke da 'yan sanda da dogarai, ga shi a cikin gidansa ajali ya same shi. Mutanen Rabah kuwa a lokacin suna cikin juyayi, gama a 2018 'yan bindiga sun afka wa ƙauyukan gundumar Gandi.

Daga nan muka nufi Wurno, rana ta take. Wurno ribaɗi ne, wato garin da aka kafa domin tsaron iyaka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, wanda ya hau mulki a 1817, shi ya raya garin domin ya tare hare-haren Gobirawa da Azbinawa daga arewa. A can ya fi zama a ƙarshen ransa, a can ya rasu a 1837, hubbarensa kuma yana nan, mutane suna zuwa ziyara daga nesa. Sardauna tattaɓa-kunnensa ne. Wani Bajamushe mai yawon duniya, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a Wurno cikin Afrilun 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya kuwa tarar sarki ya fita yaƙi da Gobirawa. Kun ga ke nan, shekara goma sha shida bayan rasuwar wanda ya gina ribaɗin, zaman ɗar-ɗar bai ƙare ba.

Muka gai da dattawan da muka tarar, suka karɓe mu da mutunci, suka ba mu ruwa. Yaron nan ya raɗa mini, "Baba, ina ganuwar?" Na ce, "Ganuwar ƙasa ce, ɗana. In damina ta yi ta dukanta ba a yaɓe, ƙasa take komawa." Abin da ya rage a idonmu shi ne fadama, da shinkafa, da tulin albasa da tafarnuwa a bakin hanya.

Da la'asar, tsakanin Wurno da Goronyo, motarmu ta yi zafi ta tsaya. Ba gari kusa. 'Yan'uwa, ba zan ɓoye muku ba, ni da na yi wa'azin bangaskiya ran Jumma'a, gabana ya faɗi ran Asabar. Sai ga wani manomi a kan babur, ya tsaya ya yi sallama. Ya dubi gicciyen da ke rataye a gaban motar, ya dube mu, ya ce, "Malam, nan ba wurin tsayawa ba ne in rana ta faɗi." Ya juya ya ɗauko jarkar ruwa da wani yaro bakanike. Bai tafi ba sai da mota ta tashi, ya kuma shiga gabanmu da babur har muka hango fitilun gari. Dattijonmu ya miƙa masa kuɗi, ya ce, "Haba Baba, baƙo ai na kowa ne." Ko sunansa ba mu tambaya ba.

Ran Lahadi muka yi sujadar tashin Ubangiji. Majami'ar ɗaki ɗaya ce mai rufin kwano, da bencina, da ganga ɗaya. Masu sujada ba su kai talatin ba: malaman makaranta, ma'aikata, 'yan kasuwa, da matansu da yaransu. Ba hasumiya, ba gilashi mai launi. Amma da mata suka ta da waƙa, na tuna abin da aka koya mana a makarantar tauhidi, cewa ikkilisiya ta yi shekaru wajen ɗari biyu tana taruwa a gidajen mutane kafin ta sami ginin kanta. Majami'ar Kolon ta Jamus an soma ta a 1248, ba a gama ba sai 1880, shekara 632 ke nan. Aiki ne mai ban mamaki, amma Almasihun da ake yi wa sujada a can, shi ne muka yi wa sujada a ƙarƙashin kwanon nan.

Ran Litinin kafin mu juyo muka je madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima. An gama ta a 1984, aka buɗe ta a 1992. Tsawon bangonta ya fi kilomita 12, an kuma gina ta domin ta riƙe ruwa wajen mita-kubik miliyan 942, saboda noman rani da ruwan sha na Sakkwato. Alheri ce babba. Duk da haka a Satumbar 2010 ruwa ya fi ƙarfinta, ambaliya ta ci gonaki da ƙauyuka, har ta yanke hanyar jami'a a Sakkwato.

To, ga abu uku da muka gani: gidan mai iko, da ganuwar sarki, da bangon injiniya. Kowannensu ya yi amfani, kowannensu kuma ya kai inda ƙarfinsa ya ƙare. Abin da Zabura ta 127 take koya mana ke nan: magini da mai gadi, wahalarsu ba ta kai su ko'ina in Ubangiji ba ya cikin aikin. Amma ku lura, Zabura ba ta ce magini ya ajiye cebur ba, ba ta ce mai gadi ya je ya kwanta ba. A yi gini, a yi gadi, hukuma ta yi aikinta, mu kuma tuna mata in ta yi sake. Abin da aka hana shi ne mu ɗora zuciyarmu a kan bango.

Ta yaya kuwa Ubangiji yake tsaro? Sau da yawa ta hannun mutum. A ranar nan bai aiko mana da mala'ika mai takobi ba. Manomi ya aiko, Musulmi, da jarkar ruwa.

Yanzu bari in faɗi laifina. Cikin Oktoban 2021 'yan bindiga suka shiga kasuwar Goronyo suka kashe mutane da yawa. Da na ji labari, abin da na fara tambaya shi ne, "Akwai namu a ciki?" Aka ce babu. Na ce, "Mun gode Allah," na ci gaba da harkata. Da dare uwargida ta ce mini, "Maigida, mai babur ɗin nan fa? Shi ba namu ba ne?" Na rasa amsa. Ban san ko yana kasuwar ran nan ba. Na dai san ban taɓa sa shi a addu'a ba, ko sau ɗaya.

Shi ya sa na haɗa mana da Irmiya 29. Annabi ya rubuta wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila, mutanen da ba su da rinjaye a inda suke. Ya umarce su su zauna, su yi gini, su yi shuka, su nemi alherin birnin, su kuma roƙa masa Allah, gama lafiyarsu a ɗaure take da tasa. In haka aka ce wa bayi game da birnin da ya ci su da yaƙi, ina ga mu da maƙwabtan da muke cin kasuwa ɗaya, muke shan gulbi ɗaya? In rumfar maƙwabci ta kama wuta, mai hankali ba ya tambayar addininsa kafin ya ɗebo ruwa.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, ga aikin wannan mako. Ka zaɓi gari ɗaya da ke cikin wahala, ko Rabah, ko Wurno, ko Goronyo, ko wanda ka sani, ka ambaci sunansa a gaban Allah kowace safiya. In akwai waɗanda suka gudo suka sauka a unguwarku, ka kai musu kwanon hatsi, kada ka tsaya tambayar inda suke sujada. Ka kuma tuna da ƙananan ikkilisiyoyin da ke can, gama waɗansu 'yan'uwa sun tashi, waɗansu suna nan.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji, kai ne mai tsaron da ba ya gajiya. Ka gafarta mana inda muka so kanmu kaɗai. Ka tsare garuruwan gabashin Sakkwato, manoma da makiyaya, matafiya da 'yan kasuwa. Ka ba shugabanni hikima da tsoronka. Ka juyo da zukatan masu zub da jini. Ka sāka wa bawan nan naka da ya tsaya mana a hanya, duk inda yake. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.