Gyara Kafin Gwaninta: Darasi Daga Darar Kwamfuta



An nemi in yi magana kan na'ura mai ƙwaƙwalwa, sai na zaɓi ɓangaren da ya fi kusa da mu. Duk wanda ya tashi a Lafani ko Illela ya san dara: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, kuma ba a jera uku lokacin zubi. Komai gwanintarka, in ka karya wannan doka, wasa ya ɓaci. Turawa ma suna da tasu darar, wato ces, har sun koya wa kwamfuta buga ta.

Masu rubuta manhajar ces ba da dabara suke farawa ba. Da farko sukan sa ta ƙirga duk motsin da doka ta halatta. Motsin farko hanya 20 ne, na biyu 400, na uku 8,902, na huɗu 197,281. Idan ko ɗaya ya ɓace ko ya ƙaru, to akwai ɓaraka, sai a ajiye komai a nemo ta. Dalili kuwa, manhajar da ta kuskure doka guda za ta gina dukkan lissafinta a kan ƙarya.

A 1997, a birnin New York, na'urar Deep Blue ta kamfanin IBM ta kara da zakaran duniya, Garry Kasparov. A wasan farko, a motsi na 44, wani kuskure a manhajar ya sa ta yi motsin da ba shi da kan gado, ta kuma sha kaye. Injiniyoyin suka duƙufa suka toshe ɓarakar. A ƙarshe na'urar ta yi nasara da maki uku da rabi, shi kuwa biyu da rabi.

Doka ta hau kan masu manhajar su ma. Rybka ta ci gasar duniya ta kwamfutoci sau huɗu a jere, daga 2007 zuwa 2010. A 2011 ƙungiyar ICGA ta yanke hukuncin cewa an kwafi aikin manhajojin Fruit da Crafty ba tare da an bayyana ba, ta ƙwace kambunan duka. Dara ta ci gida ke nan.

Jama'a, mu ma'aikatan gwamnati abin ya shafe mu. Sau da yawa mukan yi ɗokin sabon tsari alhali tsohon yana yoyo. Ɗan kasuwar da ya ɗauko albasa zai tsallaka zuwa Birnin Ƙonni ba ya bukatar sabon salo daga gare mu. Bukatarsa takarda ta fito daidai, doka kuma ta zama ɗaya ga kowa. Malamanmu da suka riƙa sa mu gyaran aikin jiya kafin a shiga sabon darasi, ashe abin da suke koya mana ke nan. Allah ya saka musu da alheri.