Kafin Ka Sayi Fili, Tambayi Tarihinsa

 

Ni ɗan kasuwa ne, dabino nake sayarwa a kasuwar Utaiƙa. Magana ɗaya na zo da ita, a kan filayen da muke tura kuɗi gida a saya mana.

Mu fara da nan kusa da mu. Kwarin nan na Wadi Hanifa, mai tsawon kilomita 120, inda muke kai yara shan iska ranar Juma'a, waɗanda suka daɗe a Riyad sun san yadda yake a da: ramukan fasa dutse, majema, juji da ruwan ƙazanta. A 2001 hukumar raya birnin ta fara shirin gyara shi. Ba a fara da shuka itatuwa ba. Sai da aka tashi masu ɓata wurin, aka kwashe shara da baraguzan gini, sannan aka gina matatar ruwa a nan Utaiƙa, inda ruwa ke ratsa duwatsu, ƙananan halittu da kifi suna cinye dattin. A 2010 aikin ya samu kyautar Aga Khan.

To, a wannan shekarar ta 2010, a gida Zamfara, gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Likitoci suka ce magani ba zai yi amfani ba muddin yaro zai koma kan ƙasar da ta sa masa ciwo. Dole aka kankare saman ƙasar gida-gida, aka binne ta nesa, aka zuba sabuwa. Bagega sai 2013 aka yi mata.

Dalma ba ta ruɓewa, ba ta wari, ido ba ya ganinta. Siminti da fenti ba sa kawar da ita.

Don haka, iyayena, idan an kira ku an ce ga fili da araha kusa da masana'antu, irin su Sharaɗa ko Challawa a Kano, kar a yi gaggawa. A tambayi dattawan unguwar: me ake yi a nan a da? Jima ce, rini ne, fasa batir ne, ko juji? Idan akwai shakka, a kai ƙasar da ruwan rijiyar a gwada kafin a biya. In an ce an gyara, a nuna takardar gwajin da aka yi bayan gyaran.

Guminmu na shekaru ne, jikokinmu ne za su yi wasa a tsakar gidan. Matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya tsare mana zuriya, Ya mayar da mu gida lafiya. Wassalamu alaikum.