Suma Iri Biyu: Raunin Ka a Hanyar Asibiti



Aikina nazarin harshe ne, don haka ta kan kalma zan faro. Bahaushe yakan ce wane ya suma, in ya buɗe ido a ce ya farfaɗo, sai hankalin kowa ya kwanta. Kalma ɗaya muke yi wa wanda yunwa ta kayar da wanda babur ya maka kansa da ƙasa tsakanin Rogo da Karaye. Magani ma ɗaya: a tashe shi zaune, a ɗura masa ruwa. A ganina wannan gamin gambiza yana cin rayuka.

Likitoci sun raba raunin ka gida biyu. Na farko shi ne bugun kansa, wanda ya riga ya auku. Na biyu yakan biyo baya sannu a hankali, in ƙwaƙwalwa ta rasa iska ko jini, ko ta kumbura cikin ƙoƙon da ba ya buɗawa. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na jiki ba, amma kusan kashi 20 na iskar oksijin ita ke sha. Binciken da Chesnut da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 1993 ya nuna cewa, in awon jinin mai mummunan rauni ya sauka ƙasa da 90 ko sau ɗaya ne, haɗarin mutuwarsa yakan ninka.

To, daga Karaye zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda ake tiyatar ƙwaƙwalwa, tafiya ce miƙaƙƙiya, ta Rogo kuwa ta fi. A cikinta ake yin rauni na biyu. Ruwan da aka ɗura wa sumamme huhu yake zarcewa. A kwantar da shi bisa gefensa don amai ya fita, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da gadon bayansa, domin wataƙila wuya ya karye. A danne inda jini ke zuba. A nemi mota. Kada a saka shi tsakanin mutum biyu a kan babur. A tsaya asibiti mafi kusa, a gyara masa numfashi, a sa masa ruwa ta jijiya, sannan a wuce.

Farfaɗowar ma abar tsoro ce. Wani yakan tashi ya yi magana sarai, har a kai shi gida, alhali jini na taruwa ƙarƙashin ƙoƙon kansa. Bayan 'yan sa'o'i sai ciwon kai da amai, sai barci mai nauyi, iyali kuma su ce a bar shi ya huta.