Idan Kuɗin Gida Bai Kai Bashin da ke Kansa Ba



An nemi in yi magana a kan mutumin da ya ci bashin gida, biya ya gagare shi, kuma abin da gidan zai yi a kasuwa bai kai abin da banki ke binsa ba. Wannan lamari ya yi ƙamari sosai a Amurka, bayan rushewar kasuwar gidaje a 2008, don haka can zan fara kai ku.

A ce banki na bin malami dala 200,000, mai saye kuma ya taya gidan dala 150,000. Malamin ba shi da ikon sallamawa, domin gidan jingina ne. Sai bankin ya yarda ya karɓi abin da bai cika ba. Lissafi ne ke sa shi yarda. Ƙwace gida na cin watanni, ga kuɗin lauya, ga haraji da gyara, gwanjo kuma ba ya kawo farashin kirki. Saboda haka mai gida zai rubuta takardar bayanin halin da ya shiga, ko rasa aiki ne, ko jinya, ko mutuwar aure, ya haɗa da takardun albashi da na asusunsa. Banki zai turo mai ƙiyasta daraja. Idan ya tsawwala, mai gida ya kawo farashin gidajen da aka sayar a unguwar kwanan nan, har da hoton rufin da ke yoyo.

Amma gaɓar da nake so ku riƙe ita ce dala 50,000 ɗin da suka rage. Sakin takardun gida daban, yafe ragowar bashi daban. A jihohi da dama na Amurka, banki na iya amincewa a sayar, bayan mutum ya kwashe kayansa ya koma haya, a bi shi kotu a kan cikon. Ba gida, ga bashi. Wannan ne ya sa jihar Kalifoniya ta yi doka a 2011 da ta hana bin ragowar bayan irin wannan ciniki, shirin gwamnatin tarayya na HAFA kuma, wanda ya fara a 2010, ya sanya yafewar ta zama sharaɗi, ya ba mai gida dala 3,000 na ƙaura. Inda babu irin wannan kariya, abin da ke cikin takardar amincewar banki shi kaɗai ne madogara. Alkawarin baki na ma'aikaci ba ya tsayawa gaban alƙali. Idan kuma akwai mai bin bashi na biyu a kan gidan, shi ma sai ya sa hannu, kuma sau da yawa a wurinsa ciniki ke cijewa.

Wani abin mamaki: a can, bashin da aka yafe ana iya lissafa shi kamar kuɗin shiga, a nemi haraji a kansa, sai da dokar 2007 ta sassauta wa masu gidan zama.

A nan gida, Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 na karɓar kashi 2.5 cikin ɗari daga albashi, ya ba da lamuni a kan kashi 6 har tsawon shekara 30. Farashin gida a naira bai cika faɗuwa ba, gaskiya ne, amma albashi na makara, wanda ya sayar cikin gaggawa kuma dillalai sun san halinsa. Ga kuma dokar filaye ta 1978, wadda ta ce sai da amincewar gwamna kafin mallaka ta canza hannu, wannan ma lokaci ne da ya kamata a roƙa wa banki tun farko.

Duk wanda wasiƙar gargaɗi ta iske shi, ya kawo ta ofishin reshe a makon da ta zo, mu karanta tare kafin ya sa hannu a kan komai.