Tikitin Tafiya a Cikin Waya: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Reshe a Lambara



An nemi mu yi magana a kan tikitin tafiya da ake turowa cikin waya. Wani zai ce abin bai kai a tara malamai dominsa ba. To amma kuɗin tikitin jirgin sama guda ɗaya daga Sakkwato zuwa Abuja ba ƙaramin giɓi yake yi wa albashin malami ba, kuma wanda ya isa ƙofa ya kasa nuna tikitinsa, da shi da wanda bai saya ba duk ɗaya ne a wurin mai duba fasinja.

Tun ranar 1 ga Yuni, 2008 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta daina amfani da tikitin takarda. Jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna ya bi sahu a watan Janairu na 2021, lokacin da aka fara sayar da tikitinsa ta intanet, kuma da ya dawo aiki a Disamban 2022 aka ƙara sharaɗin lambar shaidar ɗan ƙasa. Saboda haka ɗan uwanmu da ya bi ta Gusau da Funtuwa ya sauka Kaduna don ya hau jirgi a Rigasa, da wanda ya nufi filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da mai shirin Umra, dukkansu wayarsu ce aljihun da tikiti yake ciki.

Galibinmu ba mu muke sayen tikitin da hannunmu ba. Ɗanmu ne ko ƙanenmu ko mai shagon kwamfuta yake saye, ya turo mana ta WhatsApp, mu ga saƙo ya shigo, mu ce alhamdu lillahi. Nan ne kuskuren yake farawa. Ganin sunan fayil a cikin hira ba ya nufin fayil ɗin ya sauka a waya. Idan akwai 'yar kibiya mai kallon ƙasa a gefensa, to yana can bai iso ba, kuma a wurin da sabis ya ɗauke ba zai buɗu ba. Gwajin mai sauƙi ne: a daren tafiya, mu kashe data, mu buɗe tikitin. In ya buɗu, yana hannunmu. In ya ƙi, sauran aiki.

Sai kuma tambayar da aka fi yi mana, wato ina abin yake shiga bayan an sauke shi. Kowace waya tana da manhajar ajiyar fayiloli, kamar kabad ɗin ofishin hedimasta. A wayoyin Tecno da Infinix da itel ana kiranta File Manager, a Samsung My Files, a iPhone kuwa Files. A cikinta akwai jaka mai suna Downloads, nan abin da aka sauke daga imel ko daga shafin kamfani yake zama. Wanda ya zo ta WhatsApp yana da tasa jakar daban, shi ya sa mutum kan birkice Downloads kaf bai gan shi ba. Hanya mafi kusa ita ce a koma hirar wanda ya turo, a taɓa sunansa a sama, a duba takardun da aka yi musaya.

Mu da muke koya wa yara rubuta suna da aji a bangon littafi, bai kamata mu bar tikiti da sunan da kwamfuta ta laƙaba masa ba, jerin lambobi marasa ma'ana. A canza masa suna, a sa gari da kwanan wata. A ɗauki hoton fuskar wayar yana buɗe, yadda tambarin nan mai murabba'i da ɗigo-ɗigon baƙi da fari zai fito cikakke, domin shi na'ura take karantawa. Sannan a hattara da manhajojin share datti da ke cewa waya ta cika. Yatsa ɗaya cikin gaggawa yana iya tafiya da tikiti tare da tsofaffin bidiyon biki. Haka ma hirar da aka saita saƙonninta su riƙa ɓacewa da kansu.

Ga masu jirgin sama, abin da ya fi fayil ɗin kansa muhimmanci shi ne lambar rajistar tafiya, haruffa da lambobi guda 6, sai lambar tikiti mai alƙaluma 13. Da su da katin shaida, ma'aikacin kanta zai nemo sunan mutum ko da wayar ta mutu. A rubuta su da biro a takarda, a sa a aljihun da ba na waya ba. Wannan lambar ce kuma dalilin da ya sa muke roƙon matasanmu su daina ɗora hoton tikiti a Facebook don a san za su yi tafiya. Wanda ya samu lambar da sunan mahaifi yana iya shiga shafin kamfani ya ga bayanan tafiyar, wani lokaci ma ya taɓa su. Kuma a wannan zamani, sanar da duniya ranar da mutum zai bi hanya ba dabara ba ce.

A duba sunan da ke kan tikiti ya dace da na katin shaida harafi da harafi, tun ranar da aka saya. Muhammadu da Mohammed ba ɗaya ba ne a idon na'ura. A cika caji kafin a bar gida, tunda wutarmu mun san halinta. Iyayenmu da ido ya fara rauni, a buga musu a takarda, babu abin kunya a ciki.

Bayan an dawo kada a yi saurin gogewa. Wanda ya je taron bita ko aikin ƙungiya, wannan tikitin shi ne shaidarsa wajen neman a mayar masa da kuɗin tafiya, kuma ma'aji ba zai biya a kan baki ba. Yanzu muna roƙon kowa ya fito da wayarsa, mu nemo jakar Downloads tare kafin a kira sallar La'asar.