KALMAR "SEPARATE" DA YADDA ZA MU YI AMFANI DA ITA A HARKOKINMU



An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan kalma ɗaya tak ta Turanci, wato "separate". Wani zai ce, yanzu a tara dattawa saboda kalma ɗaya? To, a yi haƙuri a saurara. Tun 1916 aka kafa Sabon nan namu na Ibadan, kakanninmu suka yi ta cinikin goro da shanu da Hausa da Yarabanci, magana da baki, shaidu na tsaye. Yau kuwa takardar yarjejeniya, da takardar kaya da direba ke riƙewa, da fom ɗin banki, da bayanin da ake ɗauka a ofishin 'yan sanda, duk da Turanci ake rubuta su. In rigima ta tashi, abin da ke kan takarda shi alƙali zai karanta.

Tushen matsalar a bakinmu yake. Mu Hausawa "raba" muke ce wa komai: raba faɗa, raba riba, raba gado, raba goron suna. Shi Bature ya ba kowane aiki kalmarsa. Idan abu guda ne kowa zai sami kasonsa a ciki, "share" yake cewa, ko "divide". Ita "separate" ma'anarta warewa: abubuwa sun cakuɗe ko suna haɗe, ka fitar da wannan gefe, ka fitar da wancan gefe. Waɗanda suka zauna gaban malam sun san Larabci ma haka yake, ƙasama daban, farraƙa daban. Maƙwabtanmu Yarabawa su ma suna da "pin", suna da "ya soto". Mu ɗin ma fa muna da ware, da keɓe, da tsince, sai dai mun bar su suna barci, mun ɗora wa "raba" kayan duka.

Mu fara da goro, tunda shi muka gada. Ka kwance huhu, fari da ja a gauraye, kana so yaron da ba ya jin Hausa ya tsince maka. Sai ka ce, "Separate the white kola from the red." A lura da wannan 'yar kalma "from", ita ce abokiyar tafiyarta: abu kaza daga abu kaza. In kuwa gida-gida kake so a kasa shi, goriya daban, marsa daban, minu daban, to "into" za ka sa: "Separate the kola into three." Masu tumatir a kasuwar Sasa, naku ya fi sauƙi, kuma kullum kuna bukatarsa kafin ruɓaɓɓe ya ɓata kwando: "Separate the bad ones from the good ones."

Yanzu ga inda kuɗi ke zubewa. A ce mutum biyu sun yi lodin albasa a mota ɗaya daga Aliero, wannan buhu 60, wancan buhu 40. Mai buhu 60 ya aika wa wanda zai karɓi kayan saƙo a waya, a ransa yana nufin a ware wa kowa nasa, sai ya rubuta, "Share the onions between us." Shi mai karɓa abin da zai fahimta shi ne a yi raba-daidai, kowa 50. Buhu goma sun tafi ke nan, kuma ba za ka kira shi ɓarawo ba, domin abin da ka rubuta ya bi, ga shi nan a wayarsa zai nuna wa kowa. Abin da ya kamata a rubuta shi ne, "Separate my bags from his bags," a kuma faɗi adadi da alamar da ke jikin buhu. Nan babu kaso, kowa abin da yake nasa tun asali ake mayar masa.

Haka abin yake ga masu haɗa jari. Ranar da za a watse, aiki biyu ne a jere, kuma kalma biyu ce: "Separate the capital from the profit, then share the profit." A fara ware uwar kuɗin da kowa ya zuba, sannan a kasa riba yadda aka yi alkawari. Wanda ya sa hannu a takardar da ta ce "share" kawai, alhali shi ya fi zuba jari, ya buɗe wa kansa ƙofar shari'a. Malamanmu ga su nan zaune, su ma ba sa taɓa gado sai an fitar da amanar mutane da bashi da wasiyya, abin da ya saura shi ake kasa wa magada. Na farkon warewa ne, na biyun rabo.

Sai batun faɗa, wanda ya fi shafar samarinmu. Ka shiga tsakanin mutum biyu a tasha, 'yan sanda suka kwashe ku gaba ɗaya. Abin da za ka faɗa shi ne, "I was separating them." Kada ka juya Hausarka kai tsaye ka sa "share" a wurin, domin mai rubuta bayani zai iya ɗauka kana cewa da kai aka yi.

Wajen furuci kuma, fuska biyu gare ta, rubutu ɗaya. In umurni ne ko aiki, ƙarshenta a buɗe yake, kamar "sefaret". In siffa ce, ma'ana "na daban", sai a taƙaita, kamar "sefrit": "separate receipt", rasit na daban, "separate account", asusu na daban. Wannan na ƙarshen muna roƙon 'yan'uwa su riƙe shi, kuɗin kasuwa da kuɗin cefane ba sa zama lafiya a asusu ɗaya. Masu rubutu kuma su lura, harafin da ke bin "p" shi ne "a". Da yawa, har da masu digiri, "e" suke sawa.

Saura guda ɗaya, kuma mai nauyi ce. A wasu fom-fom, wurin da ake tambayar matsayin aure, za ku ga "separated" ga kuma "divorced". Mu duka "sun rabu" muke cewa, sai mai cikewa ya zaɓi wanda idonsa ya fara faɗawa a kai. "Divorced" shi ne aure ya mutu. "Separated" kuwa igiya tana nan, zama tare ne babu, kusan kamar wadda ta yi doguwar yaji. Dokar shari'ar aure ta 1970, wadda ta shafi auren rajista, ita ma ta bambanta su: kotu na iya raba wa ma'aurata wurin zama ba tare da ta kashe auren ba. Matar da aka saka, iddarta ta cika, in aka rubuta mata "separated", a takarda har yanzu matar wani ce, kuma wannan na iya tasowa ranar neman biza ko ranar karɓar haƙƙin mamaci.

Duk wanda ke riƙe da wata takarda da ɗaya daga cikin kalmomin nan ta fito a ciki, ya kawo wa sakatare bayan an tashi, a karanta tare.