Daga Jakar Wasiƙu: Lasifikar Cocinmu Tana Suyar Ƙosai, Mu Sayi Sabuwa?

 Yau wasiƙa ɗaya ce za ta cinye mana yawancin lokaci, domin akwai buhunan masara a cikinta, akwai kuma mutuncin wani yaro.

Ta fito ne daga wani dattijon ikilisiya a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ikara, ya kuma roƙa a sakaya sunansa da na cocin. Ya ce kayan sautinsu sukan fara lafiya lau ranar Lahadi, amma da an yi kamar rabin awa, sai lasifikar ɓangaren maza ta kama ƙara, carr, carr, kamar ana suyar ƙosai, daga nan ta ɗauke a tsakiyar wa'azi. Ya ce akwai wani siririn akwati mai ɗan gilashi a gaba, wanda mai sayarwa ya kira furosesa, wani lokaci hasken gilashin yakan mutu ya dawo. Wani mai gyara ya zo, ko murfi bai buɗe ba, ya ce amfilifaya ce ta ƙone, a sayi sabuwa. An riga an tara masara daga baikon kaka za a kai kasuwar Makarfi a sayar. Wasu dattawa kuma sun ɗora laifin a kan matashin da ke kula da kayan, suna cewa yawan taɓe-taɓensa ne ya jawo.

To, Baba, gaisuwa da fatan alheri. Ku dakata da ɗora masarar nan a mota tukuna. Amfilifayar da ta ƙone ba ta yin rabin awa tana aiki kafin ta tuna ta ƙone. Ina jin tsoron kada a bar jaki ana dukan taiki.

Bari mu fara da sanin hanyar da murya take bi. Duk wanda ya taɓa noman rani a fadamun Hunƙuyi ko Kudan ya san ruwa yakan taso daga rijiya, ya bi inji, ya bi tiyo, ya shiga babbar hanya, sannan mai ban-ruwa ya riƙa buɗe wa kowane fangali gwargwadon abin da zai sha. Sauti ma haka ne. Daga makirfo sai mikisa, wato teburin nan mai maɓallai da yawa. Daga mikisa sai furosesa, daga ita sai amfilifaya, sannan lasifika. Furosesa ita ce mai ban-ruwa. Ba ta ƙara ƙarfi, rabo take yi: kakkaurar murya irin ta ganga ta tura wa manyan sifiku, siririya ta tura wa ƙanana, idan kuma wani ya kurma ihu a makirfo ta danne shi don kada sifika ta yage. Idan fangali ɗaya ya bushe, manomi ba ya zuwa sayen sabon inji. Hanyar ruwa yake bi da ƙafa har ya ga inda ta toshe.

Ga yadda za ku bi taku hanyar, kuma ku yi shi ranar da ba sujada, ku bar kayan su yi rabin awar nan har ƙarar ta fito. Wanda zai yi aikin nan shi ne yaron da ake zargi, don shi ya san wayoyin. Kafin ya zare komai ya ɗauki hoton bayan kayan da wayar hannu, ya kuma liƙa wa kowace waya takarda da lamba. Duk lokacin da za a zare ko a soka waya, a kashe amfilifaya tukuna.

Gwajin farko, a bayan amfilifaya, a musanya wayar da ta tafi lasifikar maza da wadda ta tafi ta mata. A kunna. Idan har yanzu lasifikar maza ce ke suya, to laifin yana jikinta ko jikin wayarta, sai a bi wayar a duba ko ɓera ya ci, ko kan ya yi tsatsa. Idan kuwa suyar ta koma ɓangaren mata, sifiku sun fita daga zargi. A mayar da wayoyin yadda suke.

Na biyu, a musanya wayoyi biyun da suka fito daga furosesa suka shiga amfilifaya. Idan ƙarar ta tsaya a inda take, to mai gyaranku ya yi gaskiya, ɓangare ɗaya na amfilifaya ne ke ciwo, kuma ko shi sau da yawa gyaruwa yake. Idan ta yi ƙaura zuwa ɗaya gefen, amfilifaya lafiyarta ƙalau, abin da aka ba ta take faɗa.

A nan akwai kashedi, ku saurara da kyau. Hagu da dama kawai ake musanyawa, iri da irinsa. Kada a ɗauki wayar babbar sifikar ganga a kai wa ƙaramar nan mai siririyar murya. Ba ta jure kakkauran sauti, cikin ƙiftawar ido zaren cikinta zai ƙone, ku tashi da asara biyu.

Na uku shi ne mai raba gardama. A tsallake furosesa ɗungurungum, a ɗauko waya daga mikisa kai tsaye zuwa amfilifaya. A sauke murya ƙasa sosai, a gwada da magana kawai, ban da ganga ban da jita, kuma a kan akwatunan da ke ɗauke da babbar sifika da ƙarama a haɗe. Idan aka yi awa guda murya tana fita tas, kun kama ɓarawonku. Idan suyar tana nan, sai a koma kan mikisa da wayoyin makirfo, a riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu a ce furosesar ce, kamar yadda nake zato saboda hasken nan da ke mutuwa yana dawowa. Wannan alama ce ta wuta, ko dai wutar da ake ba ta daga waje, ko sashen da ke tace wutar a cikinta. Wutar ƙasar nan bisa ƙa'ida bolt 230 ce. Amma ɗan ƙaramin janareta da aka ɗora wa fankoki, da ƙwayaye, da amfilifaya, da cajin wayoyin rabin ƙauye, da zarar mawaƙa sun buga ganga sai wutarsa ta faɗi. Ku ari mita wurin mai gyaran rediyo ku auna a lokacin da ake waƙa. Ku kuma karanta rubutun da ke bayan akwatin kusa da inda wayar wuta take shiga. Idan an rubuta 220 zuwa 240, to faɗuwar wuta tana iya kashe ta, sai a rage wa janareta kaya ko a sa mata sitabilaiza. Idan an rubuta 100 zuwa 240, tana jure ƙarancin wuta, ciwon yana ciki ke nan.

Ciwon da ba ya tashi sai kaya sun ɗauki zafi, yawanci dalma ce ta tsage, ko wata shimfiɗaɗɗiyar waya ta ciki ta saki, ko kuwa 'yan gwangwanayen nan da ake kira kafasita sun gaji, za a ga kansu ya kumbura. Ƙurar hunturu da zafin rufin kwano su ne ke gaggauta wannan, balle idan an ɗora akwatin a kan amfilifaya yana shan tururinta, ko an lulluɓe shi da zane don ado. Zanzaro ma yakan yi ɗaki a ramukan shan iska. Ku raba su, ku kafa wa furosesar fanka. Idan da fanka ta kai awa biyu ba ta yi suya ba, zafi ne. Daga nan sai a ɗauke ta ita kaɗai, a cikin kwali, a kai wa ƙwararren mai gyara a Sabon Garin Zariya. Kada yaron ya buɗe ta da kansa, domin kafasita tana riƙe wuta ko bayan an zare soket. Ku ce wa mai gyara ya nuna muku abin da ya cire. Kuɗin wannan gyara bai kama ƙafar kuɗin sabuwar amfilifaya ba.

Abu ɗaya da nake roƙo: kada wani ya ce zai mayar da ita yadda ta fito daga kamfani kafin a rubuta lambobin da ke cikinta a littafi. Wanda ya haɗa muku kayan ya saita ta daidai da sifikunku. In aka goge, sai an sake nemo shi, kafin nan kuma ƙananan sifikun suna iya tafiya.

Game da yaron, Baba, murɗa maɓalli ba ya sa hasken gilashi ya mutu. Abin da za ku tambaye shi kawai shi ne yadda yake kunnawa. A ta da janareta a bar shi ya daidaita, sannan mikisa, sai furosesa, amfilifaya ita ce ta ƙarshe. Wajen kashewa kuma ita ce ta farko. Idan ba haka yake yi ba, a koya masa, ba wanda aka haifa da sani. Kafin a dawo da furosesar kuna iya yin sujada da haɗin nan na gwaji na uku, murya ƙasa-ƙasa, 'yan zumuntar mata kuma su yi haƙuri da makirfo a bakin ganga na mako biyu.

Sauran 'yan mintoci, bari in taɓa wasiƙar wani ɗan kwamitin masallaci daga Makarfi. Ya ce sun ƙara ƙahonin lasifika biyu a kan biyun da suke da su don kiran salla ya kai bakin kasuwa, tun daga ranar amfilifayarsu ta Ahuja take zafi kamar dutsen guga. Malam, duba jikin kowane ƙaho. Idan an rubuta 16, to biyu a haɗe sun zama 8, huɗu kuma sun zama 4. Kun ƙara kaya amma kun bar wayar a kan ƙusar da aka rubuta 8. Ku kashe, ku mayar da ita kan 4, ɗaya wayar ta zauna inda take.

Mai tambaya daga Kudan kan batirin sola da ke mutuwa kafin asuba, wasiƙarka ta iso, ita za mu fara buɗewa mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Baba na Ikara, a rubuto mana abin da gwajin ya nuna. A huta lafiya.